Faratan Hannun Dama

Mijina mai yankan farce ne. Shekaru ya yi yana zama a bakin wani masallaci kusa da kasuwa a Riyad, da ɗan akwatinsa na gwangwani, da almakashi, da siririyar aska, da soso, da ruwan sabulu a kwalba. Daga ƙasar Damagaram muka taso da niyyar hajji, ɗanmu na fari yana ɗan shekara shida. Muka sauke farali, muka duba muka ga babu abin da za mu koma mu tarar, muka zauna. Da wannan akwatin ya ciyar da mu har Allah ya karɓi abinsa. Zazzaɓi ne na kwana takwas. A rana ta bakwai ya daina gane ni.

Sauran 'ya'yan da na haifa ba su zauna ba. Sai muka rage mu biyu a wani ɗan gida a unguwar Jaradiya, ni da yaron. Ina ce masa yaro ko da yake a lokacin ya haura talatin, don ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, ba ta yawan haɗa ido da shi. Tun da na yaye shi ban riƙe hannunsa ba. In na gama abinci sai in ajiye in ce, "Ga shi nan." In zai fita ya ce, "Inna, na tafi," in ce, "A dawo lafiya." Haka muka zauna, kuma ba mu ga aibu a ciki ba.

A ƙasar nan baƙo ba ya zama sai da kafil, wato wanda ya tsaya masa aka ba shi iƙama, takardar izinin zama. Tawa tana hannun wata tsohuwar Balarabiya da na daɗe ina yi wa aikin gida. Ta daina buƙatata, amma ta bar sunana a takardarta. Tasa kuwa tana bin duk wanda ya ɗauke shi aiki. In kafil ya tafi, kwanakinka ƙirgaggu ne.

Da ofisoshin jakadanci suka taso daga Jidda suka dawo Riyad, aka yi musu unguwa guda mai katanga da masu gadi, wadda muke ce wa Safarat, sai ya samu tuƙi a gidan wani Bature ɗan Sifaniya. Baturen yana da jita. Ba shi da iyali a nan, garin kuma babu wurin fita. In ya taso daga ofis sai ya zauna ya yi ta kaɗawa, direbansa yana tsugune a bakin ƙofa yana jiran a sallame shi. Wata rana ya miƙa masa ya ce ya gwada. Ni ban san an yi haka ba sai da na ga hannunsa.

Matar mai yankan farce ba ta kallon fuska kafin ta kalli yatsu. Yana cin tuwo na ga faratan hannun hagu an yanke su tas, na dama kuwa sun zarce tsoka, an goge bakinsu sun yi sumul kamar bakin cokali.

Na ce, "Almakashin gidan nan ya ɓata ne?"

Ya ce, "Yana nan, Inna."

"To hannu ɗaya ya ci ya ƙoshi ke nan."

Ya sunkuyar da kai ya ce na aiki ne. Na ce ban taɓa jin motar da ake tuƙawa da farce ba. Sai ya faɗa mini gaskiya, yana kallon kwano.

A danginmu babu makaɗi, babu maroƙi. Ubansa talaka ne mai tsugunawa a gaban ƙafafun mutane, amma yana alfahari da cewa babu musulmin da zai zauna a gabansa ya tashi da farcen da ya wuce kwana arba'in. Na tuna masa wannan. Ya ce yana ragewa duk Juma'a. Na ce ragewa daban, yankewa daban. Daga nan ban ƙara magana ba, shi ma bai yanke ba.

Mazan unguwa ba su bar shi ba. Akwai 'yan ƙasarmu da ke zama a ƙofar baƙala, wato kantin unguwa, bayan la'asar, masu aikin gini da masu wankin mota. In ya zo wucewa sai wani ya ce, "Amarya, yaushe ne sa lalle? A gaya mana da wuri mu shirya gudummawa." Shi kuma ya ce, "In an sa rana kai ne babbar ƙawa, ka fara neman gyale." Su yi dariya, ya wuce. Ina jin su ta taga. Ni ban yi dariya ba.

Daga baya Baturen ya ba shi aron wata tsohuwar jita. A cikin buhun shinkafa yake shigo da ita unguwa, don a wancan zamanin in mutawwa, wato ɗan hisba, ya gan ka da abin kiɗa a titi, sai ka yi bayani, kuma ba lallai bayanin ya karɓu ba. In zai yi a gida sai ya cusa tsumma ƙarƙashin tsirkiyoyin, ya kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Abin da nake ji daga ɗakina bai wuce ƙwas-ƙwas ba, kamar kaza na tsattsagar gero a faranti. Shekara biyar ina jin wannan kazar.

Ana haka aka yi wa Baturen canjin ƙasa. Ya bar masa jitarsa mai kyau, ya bar masa yara uku da yake koya wa a ranakun hutu, ya kuma kai shi wata ƙaramar makarantar 'ya'yan baƙi a cikin Safarat ya yi masa magana. Suka ce malamin kiɗansu zai tafi. In an kusa komawa karatu ya zo ya kaɗa a gabansu, in ya yi musu, za su karɓi kafalarsa. Iƙamarsa saura wata huɗu. Bai nemi wani aikin tuƙi ba. Na ce masa tsuntsu ɗaya a hannu ake riƙewa, ya ce, "Inna, shekara goma sha biyu ina buɗe wa mutane ƙofar mota." Bai ƙara ba, amma na ji sauran.

Cikin yaran uku akwai 'yar wani likita Bakano da ke aiki a wani asibiti a nan, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu. Uwarta ta ce ta yarda da Bature don tsoho ne, amma saurayi ba zai zauna da 'yarta ba sai da babbar mace a ɗakin. Kwana uku yana zagaye ni. Ya gyara mini famfon da bai lalace ba, ya sayo mini goro, sannan ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Inna, akwai wata alfarma."

Na je. Ba don in taimaka ba, don in ga abin da ya cinye mini ɗa.

Direban likitan ke zuwa ɗaukar mu ranar Alhamis da hantsi. A falo ake yi. Ina zama a kan darduma a kusurwa da carbina, su biyu a kan kujeru, kowa ya ɗora ƙafar hagu a kan gwangwanin madara. Kiɗan iri biyu ne. Akwai wanda suke ce wa kilasik, ana buɗe takarda mai layi-layi da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda a bi ta a hankali. Ni ban yi boko ba, allo ma ban wuce ƙananan surori ba, don haka na sa masa suna kiɗan takarda. Ɗayan kuma filamanko, babu takarda, ana watsa yatsu a kan tsirkiya kamar mai watsa wa kaji tsaba, ana ƙwanƙwasa cikin jitar da farce. Wannan sai da tafi.

A can na fara jin muryarsa. A awa ɗaya yakan yi maganar da bai yi mini ba a shekara. Yarinyar ta ɓata wuri ɗaya sau goma, ya ce, "Madalla, yanzu kin san inda ramin yake, mu sake." Ya nuna mata yadda za ta lanƙwasa wuyan hannu kamar tana riƙe da ƙwai. Ya duba faratanta ɗaya bayan ɗaya, ya goge mata da sanfefa mai laushi, ya ce tsoka ce ke taɓa tsirkiya amma farce ne ke sakinta, in babu shi murya ba ta fita. Na ji wannan da kunnena. Ina faɗa ne don kada wani ya ce ban sani ba.

Matsalar yarinyar gaggawa ce. Kiɗan tafin yana tafiya ne a kan ƙirga goma sha biyu, ana dannawa a uku, da shida, da takwas, da goma, da sha biyu, sannan a koma. Ita in ta kai takwas sai ta zabura kamar an biyo ta. Ya ƙirga mata da Larabci, ya ƙirga da Turanci, ya buga ƙafa, a banza. Ni kuwa tun zuwa na biyu abin ya zauna mini a ƙirji. Duk wadda ta yi lugude da mata biyu a turmi ɗaya ta san in ka riga lokacinka taɓarya za ta same ka a hannu. A zuwa na huɗu ban san lokacin da na ajiye carbi ba. Na ji dai ana tafi, na duba, hannuwana ne.

Suka tsaya. Ya juyo ya kalle ni sosai, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Inna, sake."

Na ce, "Ban yi komai ba."

Yarinyar ta ce, "Wallahi kin yi, ya jadda, na gan ki." Haka ake kiran kaka da Larabci.

Na ce, "Ke da Hausarki kamar an tauna an tofar, wa ya sa da ke? Ɗauki abinki ki bi ni, in kika riga ni sai na murɗe miki kunne."

Ta bi ni, ba ta riga ni ba. Daga ranar tafi ya zama aikina. In ta fara sauri sai in zuba mata ido, ta ce, "Kaka, idonki ya fi na mutawwa," in ce, "Mutawwa yana da imani." A mota in za mu koma ba ma magana, ni da shi, amma nakan ga yana ƙwanƙwasa gwiwarsa yana murmushi. Wata biyu muka yi a haka. A duk zamana a ƙasar nan ban san wasu watanni da suka yi mini sauƙi kamarsu ba.

Zaman kusa ne ya sa na ga gam. Farcen babban yatsansa da na tsakiya sun tsage saboda watsa yatsun nan. Sai ya yanko ƙyalle siriri kamar fatar albasa, ya shimfiɗa a kan tsagar, ya ɗiga gam, ya bushe ya goge. In ba ka kusa ba za ka gani ba, sai ɗan ƙyalli. Da muka koma gida na tsaya inda zan hango shi yana alwala. Ruwa ya bi hannun, ya zo kan faratan nan biyu ya zame kamar a kan ganyen gwaza.

Na san abu ɗaya tun ina yarinya: inda ruwa bai taɓa ba bai wanku ba, kuma babu salla sai da alwala. Na zauna na yi ta tunanin tun yaushe. Wata nawa yana tsayawa a sahu, yana kai goshi ƙasa, alhali babu komai a hannunsa. Na so in tambaye shi. Sau uku ina buɗe baki. Amma yaya uwa za ta tsayar da ɗan fari, mai gemu, ta ce ya iya alwala kuwa? Na ce bari a wuce ranar makarantar tukuna.

Saura kusan mako uku ya kwanta. Likitan ya zo har gida, ya ce taifot ne, ya yi masa allura, ya bar magani, ya ce, "Hajiya, kada ki damu, zai tashi, sai dai zai sha wuya." Haka aka ce mini a kan ubansa. Na yi ta jiƙa tsumma ina sa masa a goshi, ina ɗura masa kunu yana dawowa. A rana ta bakwai na shiga da ruwa ya kalle ni ya yi mini magana da Larabci kamar baƙuwa. Ya ce in gaya wa maigida mota ta shirya. Sannan ya koma ƙirga, ya kai sha biyu ya koma, ya kai sha biyu ya koma.

Juma'a ce. Maza duk sun tafi masallaci, lungun ya yi tsit, sai ƙarar mukayyif. Na tsaya a kansa na ce gobe ne kwana takwas. Na ce in aka zo wanke shi, masu wanka za su ɗaga hannun nan su gani, kuma Wanda za shi wurinsa ya riga ya gani. Na shiga ɗakina na jawo akwatin ubansa daga ƙarƙashin gado.

Na zauna a bakin katifa na ɗauki hannunsa na ɗora a cinyata. Zafi kamar dutsen guga, kuma ya fi yadda nake zato nauyi. Rabona da hannun nan tun yana iya ɓuya cikin tafina. Na daɗe ina riƙe da shi kafin in buɗe akwatin.

Niyyata in kankare gam ɗin nan biyu, shi ke nan. Na sa aska a babban yatsa, ƙyallen ya ɗago, ya taho da rabin farcen, don dama tsagar ta yi nisa. Na ce to wannan ba ya gyaruwa, na sa almakashi. Na koma na tsakiya, shi ma haka. Sauran ukun lafiyarsu ƙalau, babu gam, babu tsaga. Na duba su. Na daɗe ina ganin yadda mijina ke yi, ba ya barin hannu rabi, yana bin yatsu a jere, ya yanke daidai tsoka, ya zagaye gefe da aska, ya share lungu. Haka na yi. Na wanke da soso da sabulu, na tattara abin da na yanke a ƙyalle, na fita bayan gida na tona na binne kamar yadda ake yi. Na dawo na yi masa alwala da hannuna, ruwa ya taɓa ko'ina. Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Na ce yanzu in ma tafiyar ce, ya tafi da tsarki.

Ranar Lahadi da safe zazzaɓin ya sauka. Ya nemi shayi. Da ya miƙo hannu zai karɓi kofi sai ya tsaya. Ya juya hannun, ya sake juyawa, ya shafa kan yatsun da babban yatsa.

Ya ce, "Inna, wa ya shigo?"

Na ce, "Babu wanda ya shigo."

Ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Ruwa ba ya taɓa su. Na ɗauka tafiya za ka yi."

Ya ce, "Biyu ne masu gam."

Na ce, "Na sani."

Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali don kada ya zube. Ya ce tun bara ya tambayi wani malami, malamin ya ce masa farcen da ya tsage aka ɗaure kamar rauni ne, ana shafawa a kai. Ya faɗa ne ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani. Har yau ban san ko malamin nan ya yi daidai ba. Na tambayi wasu daga baya, wani ya ce haka ne, wani ya ce wannan son zuciya ne. Abin da na sani shi ya tambaya, ni ban tambaye shi ba.

Na ce, "Ai zai tsiro."

Ya ce, "Zai tsiro, Inna. Wata biyu."

Saura kwana goma sha ɗaya. Likitan ya je makarantar da kansa ya roƙi a ɗaga. Suka ce da sun so, amma karatu zai fara, ga kuma wani ɗan Filifin yana jira, sun ba su rana ɗaya. Ko sun ɗaga ma, iƙamar ba za ta jira ba.

Da ya iya zama sai ya aika aka sayo masa ƙwallon tebur, 'yan farare marasa nauyi. Ya ce Baturen ya taɓa nuna masa dabarar. Ya yanka su da almakashin ubansa, ya fitar da siffar farce, ya liƙa da gam a kan ɗan abin da ya rage, ya goge. In akwai sauran farce a ƙasa abin yana kamawa. Ni kuwa na yi aiki mai kyau, ban bar komai ba. Ya liƙa ya kaɗa, ya ɓalle, ya sake liƙawa. Kan yatsun suka yi ja. Ba ya yi sai bayan ya idar da salla, kuma kafin wata sallar ya ɓamɓare. Ban ce ya yi haka ba. Ranar da za mu tafi, bayan azahar, yana liƙawa ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Zan cire kafin la'asar." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ce in zo in yi masa tafi. Na sa mayafi na bi shi.

Ɗaki ne mai ƙananan kujeru da zane-zanen yara a bango. Mutum uku suka zauna, mata biyu da namiji, duk Turawa. Rigarsa ta yi masa yawa saboda rama. Ya fara da kiɗan takarda. Na ji shi yana wannan kiɗan a gidan likita, muryar takan fito tas kamar ana ɗiga ruwa a kwarya. Ranar kuwa wani yatsa ya yi ƙara, wani ya yi kamar an rufe masa baki. Bai ɓata ko ɗaya ba, amma na ga babbar cikinsu ta karkata kai tana neman abin da aka ce mata za ta ji.

Sai ya kalle ni ya gyaɗa kai. Na fara tafi. Zagaye biyu ya tafi daidai. A na uku ya watsa yatsu, na ji wani ɗan ƙas, na ga farin abu ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujerar namijin. Ya ci gaba da sauran. Farce na biyu ya tashi. Daga nan tsoka ce zalla a kan tsirkiya, sai ya fara jinkiri, yana neman yatsan da zai ara. Ni ban san yadda ake jira ba. Na riƙe ƙirgar yadda take, uku, shida, takwas, goma, sha biyu, ban ƙara ban rage ba, shi kuma yana baya yana bina, kowa a ɗakin yana jin tazarar da ke tsakaninmu. Da ya tsaya akwai jini kaɗan a tsirkiya ta ƙasa.

Suka yi masa godiya da ladabi. Namijin ya sunkuya ya ɗauko ɗan farin abin ya miƙa masa. Ya karɓa ya sa a aljihu. Bayan kwana biyu suka gaya wa likitan sun ɗauki ɗayan.

Ya nemi tuƙi a lokacin, amma an makara, masu son direba ba sa son wahalar canjin kafala cikin mako biyu. Iƙamar ta mutu. Ya bi mazan baƙala zuwa aikin gini wajen Dir'iyya, inda ba a tambayar takarda. Babu wanda ya ƙara ce masa amarya. Faratan sun tsiro kamar yadda na ce, siminti ya cinye su. Ya daina zuwa gidan likita, ya ce hannun ba na nuna wa ɗalibi ba ne. A mako na bakwai, da sassafe, motar jawazat, jami'an shige da fice, ta tsaya a inda leburori ke jiran masu ɗauka. Wani da ya tsere ne ya zo ya gaya mini an kama shi. Na haɗa masa kaya a jaka na ba likitan, ban sani ba ko sun isa. Ban gan shi ba. Aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da ya bari yana ɗan shekara shida.

Yarinyar ta sa direba ya ɗauko ni sau uku bayan haka. Na yi mata tafi, ta bi. Amma in yatsanta ya kauce sai ta dube ni, ni kuma in dube ta. Ina jin ba daidai ba ne, ban san inda ake gyarawa ba. A na ukun ta ce, "Kaka, mu bari sai malam ya dawo." Na ce to.

Bayan hajjin shekarar na samu wani mutumin Damagaram mai komawa gida, na naɗe jitar a bargo na ba shi, na ce ya kai wa yaron hannu da hannu. Da yake ban iya karatu ba, kaset yaron yake aiko mini in an samu mai zuwa. Wata biyar sannan kaset ɗin ya iso. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, ya ce yana kwana a shagon wani ɗan'uwan ubansa, yana tuƙa motar kaya in an samu, mutane suna dariyar Hausarsa. Ya ce, "Saƙo ya iso, Inna, na gode." Ya ce in gai da likita da mutan gidansa. Maganar duka ba ta kai rabin fuska ɗaya ba.

Ban kashe rediyon ba. Na bar shi yana juyawa, ina jin shuuu, ko zai ɗan taɓa tsirkiya a ƙarshe, ko da tsumma a ƙarƙashi. Ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Na juya ɗaya fuskar na saurara har ita ma ta ƙare. Babu komai a ciki. Kaset shida ya aiko mini a shekarun da suka biyo, kuma kowanne sai na ji shi fuska biyu.